Atamfar da Ba Ta Koma Roni Ba

"Ya Kura, ina akwatunan?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya itacen turare cikin narkakken sukari a kasko, ƙamshinsa ya cika tsakar gidan.

Zulaikha ta murza tayoyin kekenta ta matso bakin ƙofar ɗaki. Wata tara ke nan akwatunan lefenta guda biyar suna jere a kusurwa, an lulluɓe su da tsohon zani. Yau babu su. Sai shatinsu a kan leda.

"Da ke nake, Ya Kura."

"Na ji ki. Kunnena bai mutu ba."

"To ina suke?"

Ya Kura, yayar mahaifinta wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta, ta sauke kaskon a hankali, ta goge hannu da gefen zani.

"Babanki ya mayar da su Roni, gidan surukanki. Jiya, kina asibiti wajen gashin ƙashi."

Hawaye bai zo wa Zulaikha ba. Ta riga ta ƙarar da shi tuntuni.

Saura sati uku bikinta da Lauwali abin ya faru. Sun je kasuwar Babura ita da Ya Kura sayen kayan haɗa turare a hannun 'yan Nijar, a hanyar dawowa tayar motar ta fashe. Ya Kura ta fita da karaya a hannu. Ita kuwa ta farka a asibiti a Kano, ta ga ƙafafunta a miƙe kamar na wata. Likita ya ce lakar bayanta ce ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba za ta sake ji ba.

Aka ɗaga biki. Ba wanda ya ce an fasa, ba wanda ya ce yaushe.

"Akwai sauran magana, ko?" in ji Zulaikha. "Na gani a fuskarki."

"Gobe Juma'a kawun Lauwali zai zo. A yi addu'a, a yafi juna, kowa ya kama gabansa."

"Shi Lauwalin ya sani?"

"Wata guda ke nan babanki ya ce masa ya daina zuwa zance."

Wata guda! Ita kuwa kullum ya kira sai ya ce aikin kaka ne ya riƙe shi, girbin dawa ya zo da yawa bana. Ita ma ta yi ta yi masa sannu.

Sallamar mahaifinta, Baba Dunoma, ta katse su. Ya dawo daga rumfarsa ta hatsi ya ci abincin rana. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana, kuma tun ranar da aka shigo da keken nan gidansa bai taɓa ɗora hannu a kansa ba. Idan zai yi mata magana, bango yake kallo.

"Baba, sannu da dawowa."

"Yauwa. Ya jikin?"

"Jiki da sauƙi. Baba... an ce ka mayar da kaya."

Ya dubi Ya Kura, ya dubi bango.

"Na mayar. Mutanen nan sun yi mana halacci. Ba za mu riƙe musu yaro ba don yana jin kunyar ya ce ya fasa."

"Ya ce ya fasa ne?"

"Ba zai faɗa ba. Shi ya sa na faɗa masa."

"Ni fa, Baba? An tambaye ni?"

"Wannan maganar manya ce."

Ta sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mata, amma muryarta ba ta sunkuya ba.

"Ƙafafuna ne suka daina aiki, Baba. Bakina yana nan."

Sai ya juya ya fita, ko abincin bai taɓa ba.

Ta ɗauki waya ta nemo sunan Lauwali, ta daɗe tana kallonsa, ta ajiye. Ba shi ne za ta fara gani ba. Akwai wata tambaya da ke cin ta tun tana kwance. Ranar da mahaifiyarsa, Inna Rahamatu, ta zo dubiya, ta ɗauka barci take yi, ta raɗa wa Ya Kura: "Anya za ta iya zaman aure kuwa?" Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma ba wanda ya ba ta amsa, kuma ba wanda ya juyo ya tambayi mai jikin.

"Ya Kura, da aka kai kayan, me Inna ta ce?"

"Ba ta ce uffan ba. Ta karɓa."

"An ƙirga?"

"Cif. Atamfar nan da aka cira aka ɗinka miki ta fitar biki, babanki ya sayi wata ya cike gurbinta. Ya ce kada a ce mun ci musu kaya."

Zulaikha ta juya keken ta shiga ɗaki. Ta jawo durowar ƙasa. Tana nan a ninke, shuɗiya mai ɗigon ruwan goro. Watannin baya ta warware ɗinkin da hannunta, domin Anti Christy, ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke koya mata zama da tashi, ta gargaɗe ta: "Zulai, ɗinki mai kauri a baya shi ke kawo gyambo, kuma ba za ki ji ba sai ya ci ki." Sai ta mayar da ita doguwar riga mai laushin baya, ta rage tsawonta don kada ta shiga taya.

Ta yi alwala, ta yi azahar a zaune. Ta gyara robar fitsarinta, ta ɗaure jakar a ƙauri inda riga za ta rufe. Ta kwanta ta mirgina hagu, ta mirgina dama, har rigar ta zauna. Sannan ta turara jikinta da turaren da ta haɗa da kanta.

Da ta fito, Ya Kura ta riƙe baki.

"Ina zuwa haka?"

"Roni."

"Gidan surukai? Da ƙafarki? Ke, ina aka taɓa yi?"

"Ba da ƙafata ba. Da kekena."

"Zulaikha, kunya fa..."

"Wata tara ina jin kunya, Ya Kura. Ga abin da ta saya min: shati a kan leda."

Ta wuce zaure. Ba ta kai bakin titi ba ta ji ƙarar silifa a bayanta. Ya Kura ce, tana yafa mayafi tana mita.

"Wa zai bar ki ki shiga gidan mutane ke kaɗai kamar marar dangi? Sai a ce ban yi tarbiyya ba. Tsaya mana, kina gudu kamar an biyo ki."

Suna jiran adaidaita wani mutum ya zo wucewa, ya dubi keken, ya saki naira hamsin a cinyarta.

"Bawan Allah," in ji Zulaikha. "Ka yar da kuɗinka."

"Sadaka ce, 'yata."

"Na gode, amma ni sayarwa nake. In turaren wuta kake so wa iyali, ka zo gidan Dunoma."

Mutumin ya karɓi abinsa yana sosa ƙeya. Ya Kura ta kau da kai tana danne dariya.

Mai adaidaita ya naɗe keken ya ɗaure a baya. Suka bar Kazaure, duwatsu suna wucewa ta gefe, gonaki duk an kwantar da kara, dammunan dawa a tsaye suna jiran amalanke. Duk ramin da suka faɗa sai ta dafe kujera da hannu biyu don kada ta zame. Can cikin zuciyarta wani abu yana cewa ta ce a juya. Ba ta ce ba.

A zauren gidan su Lauwali ta fara ganinsu. Akwatuna biyar, a ɗaure da igiyar da aka kawo su da ita.

Ya Kura ta yi sallama. Inna Rahamatu tana zaune a kan 'yar kujerar tsuguno a gindin darbejiya, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Da ta ga wadda ke shigowa, gyaɗar ta suɓuce mata.

"Lale... lale marhabin. Ku shigo. Ikon Allah."

Ta shimfiɗa tabarma, ita ma ta sauko kan tabarmar. Ya Kura ta zauna. Saura Zulaikha a kan keke, kanta ya fi na kowa tsawo a wurin.

Tun a hanya ta san da wannan. Yarinya ba ta gaida uwar miji daga sama.

Ta danna birki. Ta matso bakin kujerar, ta kama ƙafarta ta dama da hannu biyu ta ajiye a ƙasa, ta kama ta hagu ta ajiye.

"A'a, 'yar nan, zauna abinki," in ji Inna da sauri. "An yafe miki."

"Ban yafe wa kaina ba, Inna."

Ta riƙe ƙarfen keken da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan har ya dafa tabarma. Damtsenta yana rawa. A hankali, a hankali, ta sauke jikinta. Ta gyara ƙafafun ta lanƙwashe su gefe, ta ja riga ta rufe, ta sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Inna? Mun same ku lafiya?"

Idon Inna yana kan rigar.

"Lafiya lau... Wannan ba ita ce shuɗiyar nan ba?"

"Ita ce."

"Sau uku na koma shagon nan saboda ita. Lauwali ya ce kore, na ce yarinyar nan shuɗi ne zai karɓe ta." Ta kai hannu ta taɓa bakin rigar. "Ashe ba ta cikin kayan."

"Ba ta ciki. Inna, na zo ba ki amsa ne. Ran da kika zo dubiya kin yi tambaya, ba a amsa miki ba. Idona biyu a lokacin."

Inna ta sunkuyar da kai. Ya Kura ta shiga ɓarar gyaɗar da ba a sa ta ba.

"Ba zan ɓoye miki komai ba," in ji Zulaikha. "Daga nan zuwa ƙasa ba na ji. Ba zan warke ba, duk wanda ya ce miki zan tashi, daɗin baki yake yi. Fitsari da roba nake yi. In na kwanta sai na riƙa juyawa, in ba haka ba bayana ya yi gyambo. Ba zan yi daka ba, ba zan jawo ruwa a rijiya ba."

"Ya isa, 'yar nan..."

"Saura kaɗan, Inna. Ina yin wankana da kaina. Ina girki, in an ɗora min risho a kan tebur. Turarena har daga garin Gwiwa ake zuwa saye. Maganar haihuwa kuma, na san tana ranki, na tambayi likita baki da baki. Ta ce mahaifata lafiyarta lau, sai dai a kula da ni sosai in Allah ya kawo. Shi ke nan abin da nake da shi."

Ta ɗago ta dubi tsohuwar.

"Ban zo roƙo ba. In za ki ƙi ni, ki ƙi ni bayan kin gan ni. Kada a fasa aurena a zaure ina cikin gida kamar wadda aka riga aka yi wa salla."



"Ni ban ƙi ki ba," in ji Inna. "Tsoro na ji. Shi kaɗai ne namiji a wurina, ni kuma ga tsufa. Na ce in na faɗi, wa zai ɗaga wani? Da kayan suka zo jiya... wallahi na ji sauƙi, kuma na ji kunyar sauƙin da na ji."

Sallama ta zo daga zaure. Lauwali ne, lauje a kafaɗa, ƙaiƙayi a gashinsa. Ya ga keke babu kowa a kai, ya ga mai keken a kan tabarma. Laujen ya faɗi.

"Zulai..."

"Sannu da aikin kaka," in ji ta. "An ce dawa ta yi yawa bana."

"Zulaina, ki saurare ni."

"Ina ji."

"Baba ne ya ce in daina zuwa. Ban so in haɗa ki da mahaifinki ba."

"Ya ce ka daina, sai ka daina."

"Maganar uba ce."

"Tawa fa? Ta wace ce? Kullum kana kirana, ba ka taɓa cewa Zulai, ga abin da ake ciki, me kika gani ba. Kai ma ka yanke min hukunci, kamar kowa."

Ya durƙusa nesa kaɗan, idonsa ya kaɗa.

"Na yi kuskure. Zuwa na daina, rabin raina, ban daina jira ba. Gobe na yi niyyar in riga Kawu isa Kazaure in zauna a ƙofar gidanku har a kore ni."

"Kai, a gabana?" in ji Inna. "Rabin ran wa?"

"Bar su, Rahamatu," in ji Ya Kura. "Yau kunya ta tafi hutu."

Inna ta nuna wani sabon ɗaki a gefen gidan da haɓarta. "Kin ga wancan? Naku ne. Jiya ana sauke akwatuna, shi kuma ya ɗauki guduma ya farfasa dokin ƙofar, wai taya ba za ta hau ba. Na ce kai, an dawo da kaya fa. Ya ce duk wanda ya kwance igiyar nan shi da shi ne."

Zulaikha ta duba. Ƙofar a buɗe, ƙasanta a shafe da ɗanyen siminti, sumul daga tsakar gida har ciki. Ta yi sauri ta kau da ido kafin ya ba ta kunya.

"La'asar ta kusa," ta ce. "Za mu koma."

Sauka ba ita ce wahalar ba. Hawa ne. A gaban Anti Christy ta gwada ya fi sau goma, sau biyu kacal ta yi nasara.

Ta ja jiki ta juya wa keken baya, ta kai hannu ta kama ƙarfen, ta tattara ƙarfinta ta ɗaga. Ta kai rabi. Hannun ya ci amanarta, ta dawo ƙasa a kan gwiwar hannu.

Lauwali ya zabura.

"Kada ka taɓa ni," in ji ta tana haki. "Ba a ɗaura ba tukuna."

Ya tsaya cak, hannuwansa a miƙe.

Gumi ya jiƙa mata goshi. Ta duba tsawon da ke tsakaninta da kujerar, ta ga ya ƙaru. Sai ta ji wani abu ya taɓa gefenta. Inna ce ta turo mata 'yar kujerar tsugunonta, ta danne ta da hannu biyu don kada ta goce.

"Hau nan tukuna," in ji Inna. "Ba a hawa gaba ɗaya."

Zulaikha ta ɗaga jikinta zuwa kan kujerar. Ta huta. Ta sake kama ƙarfen, ta cije leɓe, ta ɗaga... sai ga ta a kan keke. Ta ɗora ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ta gyara shuɗiyar rigarta.

Inna ta miƙe ta kakkaɓe zani.

"Lauwali, nemo wata adaidaitar ka loda kayan nan. Ka miƙo min mayafina. Kai kuma ka zauna, lefe mata ke kaiwa."

Baba Dunoma yana zaune a kan dakali bayan la'asar ya ga adaidaita biyu sun tsaya a ƙofar gidansa. Ya ga akwatuna. Ya ga Inna Rahamatu. Ya miƙe.

Bayan an gaisa, Inna ta ce, "Malam Dunoma, kayan da ka aiko ba su cika ba."

"Ba su cika ba? Da hannuna na..."

"Akwai shuɗiya guda da na zaɓa da kaina. Na same ta a jikin mai ita, kuma ta zauna mata. Mu ba ma karɓar lefe da giɓi."

Ta wuce ciki ita da Ya Kura, masu adaidaita suna bin su da kaya. Zaure ya rage daga uba sai 'ya.

Wannan karon bai kalli bango ba. Ya dube ta, ya dubi gwiwar hannunta da ta kuje.

"Kin je har can."

"Na je, Baba. Ka yafe min."

Ya zauna a bakin dakalin zauren kamar wanda aka zare wa ƙarfi.

"Kin ɗauka ƙin ki nake da aure? Na ga yadda ake yi, Zulaikha. Shekara ɗaya, biyu, sai tausayi ya ƙare. Na gwammace in mayar da akwati yau da a dawo min da ke gobe."

Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Ba ta taɓa jin haka ba, ko ran da likita ya faɗi abin da ya faɗa.

Ta murzo keken har gwiwarta ta kusa taɓa tasa.

"In an dawo da ni, Baba, zan dawo da kekena da kaskon turarena, in ci gaba daga inda na tsaya. Ba zai kashe ni ba. Abin da ya fi wannan ya same ni, ga ni. Amma ka bar ni in je in gani da idona."

Ya rufe fuska da hannun riga. Ta bar shi har ya gama.

Washegari kawun Lauwali ya zo kamar yadda aka shirya. An yi addu'a kuwa, sai dai ta sa rana ce.

Ranar kai amarya, mata suka cika gidan, ƙamshin turarenta har titi. Da aka gama yi mata nasiha, 'yan uwa suka taso za su ɗauke ta cak su kai mota. Ta ɗaga hannu daga cikin mayafi ta ce a'a.

Sai hayaniyar ta lafa. Ta ji an tsaya a bayanta, ta ji keken ya ɗan motsa. Ta sunkuya ta leƙa ta ƙasan mayafi, ta ga takalman da ta sani tun tana rarrafe.

Baba Dunoma ya riƙe hannayen keken da kyau, kamar mai tsoron kada ya fasa wani abu.

"In tura?" ya tambaya a hankali.

Hawayen da ta ɗauka ya ƙare ya zubo mata.

"Tura, Baba," in ji ta. "Zuwa bakin ƙofa kawai. Sauran ni zan ƙarasa."